Magini a Kufan Rumawa

Shekara bakwai Manasse ya yi bai riƙe cokalin gini ba. A unguwar Dala, inda ya zauna tun da aka tarwatsa ƙauyensu na Kwalamda a gindin duwatsun Gwoza, ba a san shi da komai ba sai gadi. Dattijo ne siriri mai furfura, kullum yana kan benci a ƙofar shagon hatsin Alhaji Ba'ana daga hantsi zuwa la'asar, yana korar awaki, yana amsa gaisuwa a taƙaice. Mutane kaɗan ne suka san cewa makarantar Kwalamda da ɗakin shan maganinta da cocinta duk hannunsa ne ya ɗora su, kuma tun yana ɗan shekara goma ubansa ya koya masa jera dutse a kan dutse ba laka ba siminti, yadda mutanen kan tsauni ke tare ƙasar gonakinsu.

Alhaji Ba'ana ya sani, domin Manasse ne ya gina masa sito a Gamboru tun ana zaman lafiya. Shi ya sa ranar da ya gan shi a tasha, ƙafafu a kumbure, tafukan hannu a naɗe da tsumma, bai tambaye shi komai ba, ya buɗe masa ɗaki biyu a bayan shago. Nan Manasse ya zauna tare da Susanna, matar ɗansa Peter, da 'yarta Ketura wadda aka haifa wata biyu bayan mutuwar ubanta. Susanna malamar firamare ce. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Kwalamda tana Maiduguri wajen awon ciki, abin da ya tsirar da ita ke nan. Sau da dama Alhaji ya kawo wa Manasse aikin gini, ko da na gyaran dakali ne, shi kuwa sai ya buɗe masa tafukansa masu tabo ya ce sun daina kama ƙarfe. Alhaji yana ganin yadda hannun nan ke ɗaga buhun gero, amma sai ya kawar da kai.

A shekarar da annobar korona ta fara lafawa aka ba cocinsu kujeru uku na ziyarar ƙasa mai tsarki. Hanyar Isra'ila a rufe take a lokacin, saboda haka Urdun za a je. Dattawan coci suka rubuta sunan Manasse ba tare da sun shawarce shi ba. Da labari ya iso shi ya ce a ba wani.

"Baba, ba roƙa ka yi ba, ba ka aka yi," in ji Susanna. "Kwana goma ne fa. Bencin nan ba zai gudu ba."

Alhaji Ba'ana ma ya sa baki da Hausarsa mai nauyin Kanuri. "Malam Manasse, ni da na je Makka, ciwon da na tafi da shi ban dawo da shi duka ba. Ka je ka ga ƙasar Allah. In ka ƙi, wallahi na sallame ka daga gadin."

Haka aka yi masa fasfo, aka yi masa allura, Susanna ta ɗinka masa riguna biyu na atamfar da aka zaɓa wa maziyarta. Suka tashi a watan Yuli, ruwa na zuba a Maiduguri, lungunan Dala duk sun zama taɓo.

Can kuwa ko gizagizai babu. Mutumin Borno ba ya tsoron rana, wanda ya sha watan Afrilu a Gamboru me za a gaya masa? Amma zafin Urdun daban yake. Fari ne fat, yana dukan mutum daga sama, dutse kuma ya mayar masa da shi daga ƙasa. An kai su kan dutsen Nebo, an kai su bakin kogin Urdun inda mata suka yi ta kuka suna cika gorunan roba da ruwa. Manasse ya bi sahu, ya yi waƙa inda aka yi waƙa, ya ce amin inda aka ce amin. Zuciyarsa dai tana nan yadda ya zo da ita, kamar an ɗora mata bulo.

Rana ta biyar motarsu ta nufi arewa, zuwa wani gari da ake kira Jarash. Fasto Othniel, wanda ke jagorantar ayarin, ya tsaya a gaban mota ya yi musu bayani cewa wannan ita ce ƙasar Garasinawa da suke ji a Littafi, kuma za su ga birnin da Rumawa suka gina kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Ya ce kowa ya riƙe ruwansa da hularsa, kada wanda ya rabu da jama'a.

Tun daga ƙofar farko Manasse ya ji wani abu ya motsa masa. Ƙofa ce mai baki uku, tsayinta ya fi duk benen da ya taɓa gani a Maiduguri, an gina ta gaba ɗaya da dutse ruwan zuma. Sauran maziyarta suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Shi kuwa ya matsa jikin ginin ya sa farce a tsakanin dutse da dutse. Farcen bai shiga ba. Ya bi layin da ido har sama, babu laka, babu siminti, nauyi ne kawai ke riƙe da nauyi. Aikin ubansa ne, sai dai na ubansa da duwatsun da mutum ɗaya zai ɗauka ne, waɗannan kuwa kowanne ya kai girman sa.

Suka shiga wani fili mai siffar ƙwai, ginshiƙai sun kewaye shi a jere. Daga nan wani titi ya miƙe, shimfiɗe da falalen dutse, har yanzu ana ganin kwarin da ƙafafun keken doki suka ci a jikinsa. Ɗan jagoran yawon, wani Balarabe mai jar hula, yana zuba Turanci, Fasto yana juyawa da Hausa. Nan kasuwar nama take. Nan ruwa ke ɓulɓulowa daga bakin zakuna na dutse. Nan coci ne, ga daɓensa na ƙananan duwatsu masu launi. Mutum dubu ashirin ko fiye sun zauna a nan, sai girgizar ƙasa ta zo, sai annoba, sai yaƙe-yaƙe, waɗanda suka rage suka watse, ƙasa ta binne birnin.

"Ina suka tafi?" wata mata daga Askira ta tambaya.

Fasto ya tambayi jagoran, jagoran ya ɗaga kafaɗa. "Ya ce ba a sani ba."

Rabin ayarin nan 'yan gudun hijira ne, kowannensu ya bar wani kufai a baya. Ƙadangaru na gudu a kan matakalai, busasshiyar ciyawa ta fito ta tsagar daɓe. Manasse ya tuna an ce yanzu a cikin ajin da ya gina a Kwalamda wata bishiyar cediya ta fito har ta ɗaga kwano.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta take, aka ce za a shiga gidan wasan Rumawa. Hanyar shiga wani siririn lungu ne mai rufin dutse, duhu-duhu, mutum biyu ne ke iya jerawa. Ayarinsu ya haɗu da wani ayarin Turawa da ke fitowa, aka cushe, na baya na tura na gaba. Manasse yana tsakiya. A daidai lokacin wasu makaɗa da ke cikin filin suna nishaɗantar da baƙi suka doka wata babbar ganga, ƙarar ta bi bangon dutse ta shigo lungun kamar an harba bindiga. Aka sake dokawa, aka sake. Wata mata ta yi ihun wasa.

Manasse bai san lokacin da ya juya ba. Ya ture mutane da kafaɗa ya fito waje, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba, gorar ruwansa ma tana hannun wanda ya riƙe masa. Ya kama wata hanya da ta haura tudu, yana sauri, ba ya ganin ginshiƙai, ba ya ganin kowa. Kwalamda yake gani.

Shekara biyu kafin a shiga ƙauyen, da aka fara kai wa coci-coci hari a Maiduguri da Damaturu, dattawan Kwalamda suka ce a kewaye cocinsu. Manasse ya yi aikin, shi da Peter. Ya zuba wa katangar tushe mai zurfi, ya kai ta tsayin mutum da rabi, ya dasa fasassun kwalabe a kanta, ya bar mata ƙofa ɗaya tak ta ƙarfe. Wani dattijo ya ce a buɗe ƙaramar ƙofa ta baya, Manasse ya ce ƙofa biyu ɓarawo biyu. Ya yi alfahari da katangar nan.

Ranar Lahadin da 'yan bindigar suka zo, da kayan soja suka zo, mai gadi da kansa ya buɗe musu. Suka tsaya a bakin ƙofa ɗayar suka buɗe wuta. Jama'a suka kwarara bayan coci, suka tarar da katanga. Peter, ƙato ne mai faɗin baya, ya durƙusa a gindinta ya dafa ƙasa, ya ce a taka shi a hau. Mata suka hau, yara suka hau, kwalabe na yanka su suna faɗawa waje. Manasse yana tura mutane sama, sai Peter ya ɗago kai ya ce, "Baba, hau." Manasse ya ce a'a. Peter ya daka masa tsawar da bai taɓa yi masa ba tunda aka haife shi. Manasse ya ɗora ƙafarsa a bayan ɗansa, ya kama kwalaben da ya dasa da hannunsa, ya dira ta waje. Mutum biyu suka biyo bayansa. Daga nan ba wanda ya ƙara haurowa.

Abin da ya gaya wa Susanna shi ne Peter yana kusa da ƙofa, harsashin farko ya same shi, bai sha wahala ba. Waɗanda suka tsira sun watse, wasu Kamaru, wasu Yola, wasu sun mutu a kan tsauni. Maganar ta zauna a haka.

Yana cikin haurawa ya ji ƙasa ta karkata. Idonsa ya yi duhu, ya zube a gefen wani karyayyen ginshiƙi mai zafi kamar tanda.

Sanyin ruwa a wuyansa ne ya farkar da shi. An jawo shi ƙarƙashin wata rumfar buhu, wani mutum mai furfurar gemu, fuskarsa duk farar ƙura, yana tsugune a kansa yana yi masa fifita da kwali. Manasse ya lalubo Larabcin Shuwa da ya koya a shekarun da ya yi yana gini a Gamboru da Dikwa.

"Almi," ya ce da ƙyar, wato ruwa.

Fuskar mutumin ta washe. Ya maimaita kalmar yadda su suke faɗinta, ya miƙo gora, ya riƙe masa kai yana ba shi kaɗan-kaɗan. Ya tambaye shi daga ina, Sudan? Manasse ya ce Najeriya. Mutumin ya dafa ƙirjinsa ya ce sunansa Abu Haisam, shi ma baƙo ne a nan, daga Siriya yake, garinsu na bayan tuddan can, tafiyar awa ɗaya a mota in da ana zuwa. Larabcinsu bai zama ɗaya ba, amma in ɗaya ya yi magana a hankali ɗayan yana tsintar rabi, hannu ya cike sauran.

Da numfashinsa ya daidaita, Manasse ya duba inda yake. Wurin aiki ne. An kewaye shi da igiya, duwatsu a jere a ƙasa kowanne da lamba a jikinsa, ga dogayen ƙarafa na ɗaga dutse, ga guduma. Abu Haisam da wasu magidanta biyu suna mayar da wani guntun bango da ya zube tun zamanin girgizar ƙasa. Suka bar shi a inuwa suka koma bakin aiki. Wani dutse ne ya gagare su. Sun ɗora shi a gurbinsa, amma ko an taɓa shi da yatsa sai ya yi rawa. Suka ɗaga, suka share ƙasansa, suka mayar, bai zauna ba. Ɗayansu ya ɗauko ƙarfen sassaƙa zai rage masa gefe, Abu Haisam ya hana shi da faɗa.

Manasse ya daɗe yana kallo. Bai yi niyyar magana ba, bakinsa ne ya riga shi.

"A kife yake."

Da Hausa ya faɗa, ba wanda ya gane. Ya miƙe yana dafa ginshiƙi, ya tsallake igiyar, ya zo ya shafa fuskar dutsen. Ya nuna wa Abu Haisam inda ruwan sama ya ci gefe ɗaya ya yi sumul, ya nuna masa irin wannan cin a dutsen da ke kusa, amma ta ɗaya ɓangaren. Ya juya tafin hannunsa sama da ƙasa. Abu Haisam ya nuna lambar da aka rubuta, yana nufin masu ilimi ne suka sa ta haka. Manasse ya girgiza kai. Dutsen da ya faɗi ya yi shekara dubu a kwance, mai rubuta lamba ya same shi ne yadda ya faɗi, ba yadda aka gina shi ba. Bai da Larabcin faɗin wannan, sai ya sake juya hannu.

Abu Haisam ya dube shi, ya dubi dutsen, ya ce da mutanensa su kawo ƙarfe. Su huɗu suka kama. Manasse ya sa kafaɗa, ya ji nauyin ya sauko masa ta baya har dugadugai, nauyin da jikinsa ya sani. Suka mirgina dutsen a kan katako, suka juya shi, suka tura a hankali. Ya shige gurbinsa da wata 'yar ƙara mai taushi, kamar an rufe murfin tukunya. Abu Haisam ya hau kansa da ƙafa biyu ya yi tsalle. Ko motsi.

"Mu'allim!" ya ce, wato gwanin magini, yana dariya, yana bugun kafaɗar Manasse. Sauran biyun ma suka miƙo hannu.

Suka koma inuwa, Abu Haisam ya zuba shayi daga fulas a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Da Manasse ya buɗe hannu zai karɓa, mutumin ya ga tabon, layi-layi fari a tafukan biyu. Ya ajiye kofin ya kama hannun ya juya shi. Magini ya san tabon guduma, ya san na dutse, ya kuma san wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Ya ɗaga gira yana tambaya.

Wataƙila don mutumin baƙo ne, gobe ba za su sake haɗuwa ba. Wataƙila don ba zai gane duka ba. Manasse ya fara magana. Ya fara da Larabci, Larabci ya ƙare masa ya koma Hausa, Hausa ta gaza ya koma yarensu na kan dutse wanda ya yi shekaru bai yi doguwar magana da shi ba. Ya zana katangar a ƙasa da yatsa, ya nuna ƙofa ɗaya. Ya nuna kansa, ya nuna ginin, don a san wa ya yi shi. Sa'an nan ya sauka a kan gwiwoyinsa ya dafa ƙasa yadda Peter ya yi, ya ce, "Waladi," ɗana. Ya miƙe ya ɗaga ƙafarsa ta dama, ya nuna ta, ya ɗora ta a inda bayan yake. Nan muryarsa ta ƙare.

Abu Haisam ya jima yana kallon zanen da ke ƙasa.

"Sunansa?"

"Peter."

"Butrus," in ji shi, ya gyaɗa kai. "Allah ya ji ƙansa."

Ya kurɓi shayi, sa'an nan ya ba da nasa labarin, a hankali, yana tsayawa ya ga ko an gane. Da yaƙi ya zo garinsu, ya ce, shi magini ne, sai ya ƙara wa rufin gidansa kauri, ya zuba kankare a kan kankare, ƙarfe a kan ƙarfe, don kada harsashi ya huda. Maƙwabta har suna turo 'ya'yansu su fake a gidansa. Ranar da jirgi ya sako bam, ya fita neman burodi. Bangon ya kwanta, rufin bai fashe ba, ya sauko gaba ɗayansa a kan matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Kwana biyu yana dukansa da guduma. Rana ta farko yana jin muryar ƙaramar.

"Da aikin banza na yi," ya ce, "da na fasa shi da hannuna."

Iska mai zafi ta kaɗa rumfar. Can ƙasa ana jin gangar gidan wasa sama-sama. Manasse ya ɗauki kofinsa ya sha. Shayin ya yi zaƙi da yawa.

"Butrus yana da mata?" Abu Haisam ya tambaya.

"Da 'ya."

"Matar ta san wannan?" Ya nuna zanen.

Manasse ya girgiza kai.

Abu Haisam bai yi masa wa'azi ba. Ya share ƙurar gemunsa kawai ya ce, "Ni ba ni da wanda zan ɓoye wa. Duk suna ƙarƙashi."

Ba a jima ba suka ji ana kiran sunan Manasse. Fasto Othniel ne ya hauro tudun da lema a hannu, rigarsa sharkaf da gumi, wani ɗan sandan yawon buɗe ido na biye da shi. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga dattijon zaune cikin ma'aikata, gwiwoyin wandonsa fari da ƙura, ya haɗiye.

"Baba, awa guda muna nemanka. Mata har sun fara kuka."

"Ka yi haƙuri, Fasto. Rana ce ta kayar da ni, bayin Allahn nan suka tsince ni."

Abu Haisam ya raka shi har bakin igiya. Suka yi musabaha, hannu mai kanta cikin hannu mai kanta, ba wanda ya nemi lambar wayar wani. Da Manasse ya waiwaya daga ƙasan tudu, har mutumin ya sunkuya a kan dutse na gaba.

Suka sauka Maiduguri ana tsakiyar damina. Mutanen coci suka tare su da waƙa, Alhaji Ba'ana ya aiko da tiren shinkafa da kaji, ya zo da kansa yana yi masa sannu da Kanuri, "Wushe, wushe, Alhajin Urdun!" Manasse ya raba tsaraba, ya ba da labarin kogi da dutsen Nebo yadda ake son ji. Kwana huɗu yana juya maganar a ciki.

Ranar Asabar da hantsi, Ketura ta tafi koyon waƙa a coci, Susanna na zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta, abin da bai saba yi ba.

"Susanna, akwai maganar da na gaya miki ba daidai ba. A kan mijinki."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ya faɗa mata duka, bai rage ba, har da maganar dattijon da ya ce a yi ƙofar baya, har da ƙafarsa. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta daɗe tana kallon faifan.

"Mutum nawa suka hau?"

"Ban ƙirga ba. Sun fi ashirin."

"Ya ambace ni?"

Manasse ya so ya ce e. Ya ce, "Babu lokaci, 'yata. Abin da na ji ya ce kawai, a yi sauri."

Ta ajiye faifan a hankali. "Shekara bakwai, Baba. Ketura tana tambayata wane irin mutum ne ubanta, ina ce mata mai son dariya ne, mai cin tuwo da yawa. Abin da nake da shi ke nan. Kai kuwa kana riƙe da wannan, kana zaune a kan benci." Ba ta ɗaga murya ba. "Katangar ba ta dame ni ba, kowa ya ce a gina. Hawan da ka yi ma, shi ya ce ka hau, na san halinsa, da ka ƙi da ɗaukarka zai yi ya jefa. Amma ka hana ni mijina na ranar nan. Wannan ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Da la'asar ta haɗa kaya ta ɗauki Ketura suka tafi Khaddamari wurin yayarta. Manasse bai hana ta ba. Alhaji Ba'ana ya ga ɗakin a rufe, ya ga fuskar abokinsa, ya zauna kusa da shi a benci har aka kira magariba bai tambaye shi komai ba.

Kwana tara ta yi. Ranar da ta dawo ta gaishe shi kamar kullum, ta ɗora tukunya. Da ta kawo masa abinci ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Na gaya wa Ketura. Tana da tambayoyi, na ce kai za ka amsa mata, ni ban ga wurin ba." Ta juya, sa'an nan ta ƙara da cewa, "Kuma in hanya ta buɗe, za ka kai ni."

Ya amsa wa yarinyar tambayoyinta, waɗanda suka fi na uwarta wuya. A ƙarshen damina ya karɓi aikin ɗaki biyu a Bulabulin, wurin wata gwauruwa da ruwa ya rushe wa gida. Hannunsa ya yi nauyi da farko, bayan mako guda ya saki.

Bayan Kirsimeti aka ce sojoji na raka motoci har Pulka. Suka bi ayarin su biyu, shi da Susanna, tun da sassafe, ta Konduga da Bama, suna wuce garuruwan da ba rufi ko ɗaya. A shingen ƙarshe wani soja ya duba katinsu ya tambayi inda za su. Da ya ji Kwalamda ya girgiza kai, ya ce ko su ba sa shiga bayan dutsen nan sai da motar yaƙi, hanyar duk nakiya ce, su dawo wata shekara.

Suka koma gefen titi suka tsaya. Duwatsun na nan a gabansu, shuɗi-shuɗi, kusa kamar a miƙa hannu. Manasse ya nuna mata wani wawakeken tsagi tsakanin kawuna biyu, ya ce ƙauyen na gindinsa ta ɗaya gefen, cocin na hannun dama in an shiga. Susanna ta sa hannu ta kare rana, ta daɗe tana duban wurin. Sa'an nan ta yi addu'a a taƙaice, shi ya ce amin, suka tafi neman motar da za ta mayar da su Maiduguri kafin a rufe hanya.